Muryar Gidan Mai Agogo

Kwana uku Yaya ya ba ta. A tsaye ya faɗa, da makullin mota a hannu, yadda yake yi idan ba ya son a ja magana.

Auta ta ajiye kofin shayinta ba ta kurɓa ba. Shekararta ashirin da takwas, tana aiki a laburaren gari, amma a idon Yaya har gobe ita ce yarinyar da yake goyo a keke zuwa makaranta. Tun rasuwar mahaifinsu shi ne uba a gidan, kuma ya ɗauki matsayin da zafi.

Maganar dai ta Mai Agogo ce. Wata takwas ke nan yana neman aurenta, wata takwas kuma bai bar ko mace ɗaya daga danginta ta taka cikin gidansa ba. Duk wadda aka tura sai ya tare ta a shagon gyaran agogonsa da ke jikin gidan, ya ba ta kujera da ruwan sanyi, ya ce mahaifiyarsa ba ta jin daɗi, ba ta son baƙi.

Yanzu kuma ga sabon zance. Maƙwabta sun ce kullum bayan azahar suna jin muryar mace a gidan, muryar budurwa, tana magana tana dariya, tagogi kuma a rufe. Kowa ya san mutum biyu ne a gidan nan, shi da tsohuwa makauniya. Ba a taɓa ganin mai muryar ta leƙo ba, ba a taɓa ganin shanyarta a igiya ba.

Wanda ya kawo labarin ba sai an faɗa ba. Mai Kemis ne, abokin Yaya, wanda ya shekara biyu yana kawo wa Umma maganin hawan jini yana tambayar lafiyar Auta. Cikin jimami ya kawo shi, har da girgiza kai, kamar ba daɗi ya ji ba.

Umma tana gefe tana share ido da bakin zane.

"Ko dai wata ya ɓoye, ko kuma abin da ke gidan ba mutum ba ne," in ji ta. "Ni ban raine ki don ki shiga gidan da ake jin murya ba a ganin mai ita ba."

Auta ta roƙe ta har ta durƙusa. Ta ce mutumin nan ba shi da abokin faɗa, ko ƙuda ba ya iya kashewa. Yaya ya ce shi bai tambayi halinsa ba, muryar ya tambaya. In Alhamis ta yi ba ta zo da bayanin da hankali zai ɗauka ba, zai mayar wa Mai Agogo da kayan neman aurensa, ita kuma ta buɗe ido ta dubi masu sonta na gaskiya.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta riga ta tambayi Mai Agogo, ba sau ɗaya ba. Kullum amsar ɗaya ce, ta ƙara masa lokaci. Ranar ƙarshe da ta matsa, sai ya sunkuyar da kai ya koma kan agogon da yake gyarawa.

Da wannan ƙuncin ta isa wurin aiki.

Teburin aro shi ne nata. A nan take yi wa mutane bayanin da ta haddace kamar sunanta. Farin kati na kowa ne, littafi huɗu, mako biyu, a sabunta sau biyu, ko a zo ko a kira layin waya a danna lamba. Shuɗi na yara. Kore na waɗanda ba sa iya fitowa, tsofaffi da marasa lafiya da makafi, motar laburare ke kai musu har gida duk Laraba. Littafin da ke hannun wani kuma, ka ba da sunanka a sa ka a layi, in ya dawo a kira ka.

Akwai kuma ɗakin ƙasa, inda ake ajiye littattafan saurare, waɗanda aka karanta aka naɗa a faifai saboda makafi. Faifan ba ya ci sai a 'yar na'urar laburare, don haka tare ake ba da aronsu. Auta ba ta son ɗakin nan. Yana da sanyi ko ana zafi, kuma ƙofarsa mai kauri ce, in ta rufu ba ka jin ko takun mutum.

A teburin nan ta fara ganin Mai Agogo, ya zo neman wani tsohon littafi a kan agogon bango, bai samu ba, ta aro masa daga wani reshe. Da ya zo karɓa ya gode mata har sau uku, ya fita ya manta da littafin a kan tebur.

Ranar da Yaya ya ba ta wa'adin, da mutane suka ragu, Auta ta yi abin da ta san haramun ne a aikinsu. Ta rubuta lambar gidansa a kwamfuta don ta ga katunan da ke gidan.

Kati biyu suka fito. Nasa fari, babu komai a kai. Na biyun ruwan ɗorawa, irin wanda ake ba 'yan sa-kai, wanda ba shi da iyakar sabuntawa. Sunan mace ne a jiki, sunan uba ɗaya da nasa. A kan katin akwai na'urar saurare guda da faifai bakwai.

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ashe faifai ne! Har ta fara shirya yadda za ta dubi Yaya ta gaya masa, da yadda Mai Kemis zai haɗiye yawu.

"Me kike wa murmushi ke kaɗai?"

Anti ce, babbar ma'aikaciyar sashen, wadda ta shekara ashirin a wurin. Ta tsaya a bayanta, ta gyara tabarau, ta karanta sunan. Auta ta ga murmushin ya bar fuskarta a hankali.

"Yaushe aka sabunta wannan?"

"Yau da safe, Anti. Ƙarfe goma, ta waya."

"Yarinyar nan ta rasu shekara uku ke nan. Ni da ƙafata na je gaisuwa."

Auta ta sake duban allon. Duk mako biyu, ranar Litinin, ƙarfe goma daidai, ba a taɓa tsallake ko sau ɗaya ba. Tsikar jikinta ta tashi. Wata takwas suna tare, bai taɓa ce mata yana da ƙanwa ba, a raye ko a mace.

Anti mace ce mai tausayi, amma tausayinta ba ya shiga tsakaninta da doka. Ta ce katin mamaci rufe shi ake yi, kayan da ke kai a karɓo su. Ta duba ta ga makarantar makafi ta daɗe a layi tana jiran faifan nan bakwai. Kafin Auta ta gama haɗa roƙon da za ta yi, Anti ta danna abin da za ta danna, takardar karɓo kaya ta fito daga injin bugawa da ɗuminta.

Auta ta ce a ba ta, hanyarta ce. Ƙarya ta yi, ba hanyarta ba ce.

Ranar Laraba ta shiga motar laburare ta zauna kusa da Direba. Suka sauke wa wani dattijo littattafai masu manyan baƙaƙe, suka karɓo na wata mai jego, sannan suka shiga layin su Mai Agogo da misalin ƙarfe biyu da rabi. Direba ya faka nesa da gidan, ya ce shi a nan zai jira, taya yake son dubawa. Tayar lafiyarta lau.

Shagon a buɗe yake, babu kowa. Agogai sun cika bango, kowanne da nasa lokacin, suna ta ƙas-ƙas ba su jitu ba. Ƙaramar ƙofar da ke bayan kanta, wadda kullum take gani a kulle, yau an bar ta a sakaye.

Ta yi sallama sau biyu, ba a amsa ba. Ta tura.

Wani siririn lungu ne mai duhu da rana tsaka, labulaye duk a sauke. Ƙamshin turare da na man zafi sun gauraya. A bakin wata ƙofa ga takalman mace, ƙanana, an jera su, an goge su fes.

Sai ta ji muryar.

Karatu take yi a nutse, labarin wasu matafiya a jirgin ruwa. Auta ta tsaya tana gaya wa kanta faifai ne, faifai ne kawai, irinsa ɗari ne a ɗakin ƙasa. Sai muryar ta yi tari, ta yi 'yar dariya, ta bar karatun.

"Inna, kina ji na ko kin yi barci?"

Daga ɗakin da ke kallon wancan, wata tsohuwar murya ta amsa.

"Ina jin ki, 'yar nan. Ci gaba."

Auta ta ja da baya. Sai ta ji an riƙo gwiwar hannunta ta baya. Mai Agogo ne. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya ja ta suka koma shago, ya tura ƙofar.

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya zauna a kan kujerar aikinsa ya dafe kai. Ta tambaye shi wace ce, duk da ta sani, don tana son ta ji daga bakinsa.

A guntu-guntu ya ba ta labarin. Ƙanwarsa ce, su biyu kaɗai Inna ta haifa. Da idon Inna ya tafi, yarinyar ta shiga cikin masu karanta wa makafi a laburare, don mahaifiyarsu ta riƙa jin littattafan da muryar da ta sani. Shi ya sa take tsayawa a tsakiyar karatu tana yi mata magana, ma'aikatan kuma suka bar shi haka, suka ce yana da daɗin ji. Littafi bakwai ta naɗa. Tana cikin na takwas ciwon ƙirji ya kwantar da ita.

"Ranar da aka fita da gawarta Inna ta yanke jiki ta faɗi," ya ce. "Kwana biyu ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa, ina 'yar nan, ban ji motsinta ba. Likita ya ce a bi ta a hankali. Ni kuma na rasa bakin faɗa. Sai na shiga ɗakin ƙanwata na kunna faifanta."

"Shekara uku?"

"Na ce mata tana kwance, ciwon yana yaɗuwa, an hana a shiga wurinta. Tun ranar ba ta sake tambaya ba."

Hawaye ya wanke wa Auta fuska. Ta tambaye shi me ya sa bai gaya mata ba, ita da ta tsaya a gaban uwarta da yayanta saboda shi, ana kiranta marar kunya, ana ce mata an shanye ta.

"In ce miki me? In ce duk wadda za ta shigo gidan nan sai ta riƙa gaishe da ɗakin da babu kowa? Ta zuba abinci kwano uku? Na san ranar da kika sani, ranar za ki tafi."

"Ka yanke mini hukunci ba ka tambaye ni ba."

"Tsoro nake ji, wallahi. Ke kaɗai ce abin da na samu tun da ta tafi."

Ta so ta yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Tausayinsa ne ya cika ta, tare da kunyar abin da ke cikin jakarta. Ta zaro takardar ta miƙa masa, ta gaya masa komai, yadda ta leƙa abin da bai halatta ta leƙa ba, yadda Anti ta gani, yadda aka rufe katin.

Ya karanta takardar sau biyu. Ta ga jini ya bar fuskarsa.

Ta shiga lissafa masa hanyoyi da sauri, irin na bakin teburinta. Za a buɗe wa Inna koren kati yau ɗin nan. Za a sa ta a layi. In makarantar ta gama, za a riƙa kawo mata ɗaya-ɗaya duk Laraba. Ya tambaye ta yaushe. Ta ce wata biyu, ko uku.

"Wata uku gidan nan shiru," ya ce, kamar da kansa yake magana. Ya taɓa gwada ɗauka a waya, ya ce, sautin ya fito kamar daga cikin tulu, bai ko kai wa Inna ba. "Kin kashe ta. Wallahi kin kashe mini uwa."

Maganar ta soke ta har ƙashi. Kafin ta ce wani abu, karatun ya ɗauke a ciki. Faifan ya kai ƙarshe.

"Wa ke kuka a shago?" in ji tsohuwar. "Mace nake ji. Turo mini ita. Kai kuma ɗebo mini ruwa a randa, ba na firji ba."

Ya dubi Auta da idon roƙo. Ta gane abin da yake nema, kada ta faɗa.

Ɗakin tsohuwar tsaf yake, gado da darduma da kujera ɗaya. Tana zaune a bakin gado, 'yar ƙarama, idanunta farare a buɗe suna kallon bango. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta lalubo hannunta ta riƙe, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta taɓa fuskarta, ta share hawayen da babban yatsa.

"Ke ce ta laburare. Da ke yake waya a lungu yana rage murya, yana zaton kunnena ma ya tafi."

"Ni ce, Inna."

Tsohuwar ta saurara har ta ji takunsa ya yi nisa zuwa bayan gida. Sannan ta jawo Auta kusa, har numfashinta yana taɓa mata kunne.

"Na san inda 'yata take. Tun sati na farko na sani. Wace uwa ce za ta shekara uku ba ta ji ɗumin 'yarta ta bango ba? Sau nawa mutum zai yi tari a wuri ɗaya, ya yi dariya a wuri ɗaya?"

Auta ma ta rage murya.

"To me ya sa kike amsawa, Inna?"

"Saboda shi. Ranar da na so in gaya masa, na lallaɓa zuwa ƙofar ɗakin, sai na ji shi a ciki yana ba ta labarin cinikin ranar. Yaron nan bai yi kukan ƙanwarsa ba ko sau ɗaya. Na ce in na ƙwace masa wannan, me zai rage masa? Sai na koma na zauna." Ta ja numfashi. "Na gaji, 'yar nan. Kullum sai an taso mini da ita bayan azahar, ban samu na binne ta a zuciyata ba. Abin da kika zo ɗauka, ki ɗauka."

Ya shigo da kofin ruwa, ya duba fuskokinsu, ya miƙa wa mahaifiyarsa. Cikin muryar da ya saba ya ce bari ya duba ko 'yar nan ta huta, ta ci gaba da karatu. Ya tsallaka ɗaya ɗakin.

Auta ta bi shi. Gadon a gyare yake, da mayafi a ninke a kan filo. Na'urar tana kan teburin gefe, an juya bakinta wajen ƙofa. Ya sa sabon faifai, muryar ta tashi, sai Auta ta ga leɓɓansa suna motsi tare da ita, kalma bayan kalma, idonsa a lumshe.

A nan ta gane wa ake yi wa jinya a gidan.

Ta san in ta miƙa hannu, mai yiwuwa ta rasa shi har abada. Ta san kuma in ta bari, ko Yaya ya yarda, ba gidan miji za ta shigo ba. Ta sunkuya ta zare wayar wutar na'urar daga bango.

Shirun da ya biyo baya ya yi nauyi, har ana jin agogan shago ta cikin bango biyu.

"Mayar," ya ce a hankali.

"Ba zan mayar ba."

"Auta, ki mayar kafin ta..."

"Ɗana."

Tsohuwar ce a bakin ƙofa, ta dafa bango ta iso da kanta. Ta taka kan takalman da aka jera, ta shigo ɗakin da aka hana ta shiga shekara uku, ta laluba ta zauna a kan gadon da babu kowa. Ta shafa katifar da tafin hannu.

"Zo ka yi mini ta'aziyyar ƙanwarka. Shekara uku ke nan ina jiranka."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda Auta ba ta taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Ya wuce ta bai dube ta ba, ya zube a gaban mahaifiyarsa, ya kifa kai a cinyarta. Tsohuwar ta rungume kan, ita ma ta saki nata kukan.

Auta ta tattara faifan bakwai cikin jaka, ta ɗauki na'urar, har yanzu da ɗuminta. Ta samu amsar da za ta kai wa Yaya, amma ba ta ga amfanin da amsar za ta yi mata ba, tunda mutumin ya ce ta kashe masa uwa, kuma da hannunta ta kashe masa muryar ƙanwa. Ta juya za ta fita, ido ya rufe da hawaye.

Taku ɗaya ta yi ta ji an riƙe bakin mayafinta. Ta waiga tana zaton tsohuwar ce.

Hannunsa ne. Fuskarsa tana cinyar mahaifiyarsa, kafaɗunsa suna jijjiga, amma ya damƙe mayafin gam, ya ƙi saki.